Tambaya kan mutuntarwa a waƙar fitar sanyi: yaya zan fahimtar da ɗalibaina?

Malama daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina koyar da adabin Ingilishi a aji biyu na babbar sakandare nan Tudun Wada, Kaduna. Makon jiya na kawo wa ɗalibaina waƙar Shelley, mawaƙin Ingila, ta iskar yamma, wadda ya rubuta a 1819 yana Italiya, don mu yi nazarin mutuntarwa, wato ba abin da ba mutum ba hali ko aikin mutum. A cikinta iri yana kwance cikin ƙasa kamar gawa a kabari duk tsawon sanyi, har ranar da wata iska, wadda mawaƙin ya ce 'yar'uwar iskar yamma ce, za ta busa ƙahonta a kan ƙasar da ke mafarki, ta koro toho kamar yadda makiyayi ke kora garke. Da na zo bayani sai na ce wannan iskar bazara ce, yadda aka saba fassarawa. Wata yarinya 'yar Rigasa ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wa ke murna da zuwan bazara? Mu a tsakar gida muke kwana, rijiyarmu ma ƙafewa take." Wallahi gaskiyarta, kuma na ga duk ajin waƙar ba ta taɓa su ba. Abin ya tsaya mini a rai. Sannan wani ya tambaye ni ko "damina ta sauka" mutuntarwa ce, na ce masa sai mako mai zuwa. Don Allah ku taimaka mini.

Tsohon malamin Hausa, Unguwar Sarki:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, yarinyar nan ta kama bakin zaren. Watannin ne kawai suka zo ɗaya, Maris zuwa Mayu, amma abin da jiki ke ji ya sha bamban. A Ingila lokacin ne rana ke ƙara tsawo bayan watannin duhu, itatuwan da suka kaɗe su sake toho. Mu kuwa lokacin ne kogin Kaduna ke janyewa har duwatsun cikinsa su fito fili. Ki daina cewa bazara, ki ce lokacin toho. In kina son su ji abin da Bature ke ji, ki tuna musu daren ruwan farko a Afrilu: iskar da ke gabatar hadari, ƙamshin ƙasa, yara sun fito tsalle, washegari manoma sun ɗauki sungumi. Can ne farkawar ƙasarmu take.

Tambaya ta biyu ita ta fi ɗaukar hankalina. Hausa ba ta barin komai ba jinsi: hunturu ya kama, damina ta faɗi, rana ta fito. Wannan nahawu ne, ba adon harshe ba. A Ingilishi akwai wakilin suna na abin da ba mutum ba, don haka da zarar mawaƙi ya kira yanayi da na mace ko namiji, mai karatu ya san an mutunta shi. In kika juya zuwa Hausa wannan alamar ta ɓace. Saboda haka ki koya musu su bi aikatau. Wane aiki aka ba abin, kuma ɗan Adam ne kaɗai ke yin sa? Busa ƙaho aikin mutum ne, haka mafarki da kiwo. "Damina ta sauka" kuwa ta zama maganar yau da kullum, ko da asalinta daga saukar baƙo ne. Amma in aka ce "damina uwar albarka", an ba ta 'ya'ya da tausayi, nan kam an mutunta ta.

Marubucin waƙa daga Kawo:
Baba ya gama magana, sai dai ni ban yarda a sallami "ta sauka" haka ba. Tana barci ne, mawaƙi na iya tashinta. In na ce damina ta sauka, mun shimfiɗa mata tabarma, mun kawo mata ruwan baƙunta ta ce ita ta zo da nata, ai baƙuwar ta dawo da ranta. Malama, ki sa su nemo Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali su ajiye kusa da ta Shelley, su duba yadda kowanne ya tarbi lokacin da yake jira. Kuma a kula kada su tsaya a cewa "ga mutuntarwa a baiti na kaza". Wane irin mutum aka mai da yanayin? Mai bushe-bushen fada ne, ko uwa, ko azzalumin sarki da aka tuɓe? Amsar nan ita ce nazarin.

Ɗaliba a Zariya:
Ƙarin bayani kaɗan, Malama. Mu an koya mana mutuntarwa a ƙarƙashin jinsintarwa, wato ba wani abu halin wani jinsi daban, tare da dabbantarwa (ba shi halin dabba) da abuntarwa (ba shi halin abu marar rai). Iri kamar gawa kamantawa ce, tunda akwai "kamar". Ɗalibai na yawan haɗa kamantawa da mutuntarwa.

Malama daga Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, batun jinsin nan ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina koyarwa. Ranar Talata zan fara da aikatau: kowa ya ja layi ƙarƙashin duk aikin mutum da aka ba iska ko ƙasa. Daga nan kowa ya rubuta baiti huɗu da Hausa, hunturu na sallama da garin Kaduna. Ita 'yar Rigasa zan ba ta gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da sauran ke toho, in ga me za ta sa ya ce wa hadari.