Agogon Baba ya tsaya, na murɗa na murɗa ya ƙi tashi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar agogo ku taimaka min da shawara. Mahaifinmu ne ya rasu bara, da aka zo rabon kaya sai agogonsa ya faɗo a kasona, Seiko 5 ne mai sarƙar ƙarfe, a Makka ya sayo shi lokacin da ya je aikin hajji, ranakun ma da Larabci suke fitowa. Tun da aka ba ni na saka shi a durowa ban taɓa shi ba kusan wata goma, sai shekaranjiya na ɗauko na ga ya tsaya a kan ƙarfe huɗu da minti goma. Na kai wa wani yaro mai sa batir a bakin kasuwa, ya juya shi ya juya yace wai wannan ba ya amfani da batir, otomatik ne, in je in wana shi kawai. To na dawo gida na yi ta murɗa ɗan abin nan na gefe har yatsana ya yi ja, ko motsi bai yi ba. Da na ɗan girgiza shi sai hannun sakan ya fara tafiya, na yi murna, kafin in gama shan shayi ya sake tsayawa. Shin ya lalace ne ko ni ne ban iya ba? Wlh ba kuɗinsa ne damuwata ba, tun ina yaro nake ganinsa a hannun Baba, yana cire shi ya ajiye a kan tabarma in zai yi alwala.

Wani ɗan Zariya:
Allah ya jiƙan Baba. Malam ka buga shi a tafin hannunka da ɗan ƙarfi sau uku, haka nake yi wa nawa kuma yana tashi.

Mai gyaran agogo:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta masa ya sa Aljanna ce makoma. Ɗan uwa dan Allah kar ka buga shi, wannan shawarar ta sama ita ke kawo mana aiki kullum. A ciki akwai wani ɗan gargare mai lilo gaba da baya, ƙafarsa ta fi allura siranta, bugu ɗaya mai kyau zai iya karya ta ko ya hargitsa siririn sifirin da ke kansa, daga nan kuma sai kashe kuɗi.

Ga dukkan alamu agogonka lafiyarsa ƙalau, yunwa ce ke damunsa. Duba bayansa ko can ƙasan fuskar kusa da ƙarfe shida za ka ga wasu ƙananan lambobi, in ka ga 7S26 to shi ne injin da ke cikin yawancin Seiko 5 da aka yi daga 1996 zuwa sama, kuma shi wannan injin ba a wana shi da hannu sam, ko kwana za ka yi kana murɗa abin gefen nan iska kake murɗawa domin ba a haɗa shi da babban sifirin da ke tafiyar da agogon ba. Yaron can ya yi gaskiya da yace babu batir amma a maganar wanawa ya ɓatar da kai. Abin da ke ba shi ƙarfi wani faifan ƙarfe ne mai nauyi kamar rabin wata, yana bayan injin, duk sanda ka motsa hannunka sai ya juya, juyawar nan ita ke naɗe babban sifirin, shi kuma sifirin yana warwarewa a hankali yana tura hannayen. In ya cika tam yana kai wa wajen awa 40 a ajiye, ka ga ko kwana biyu bai cika ba, kai kuma wata goma ka bar shi.

Abin da za ka yi, ka riƙe shi a hannu fuskar tana kallon sama, ka dinga kaɗa shi gefe da gefe a hankali kamar mai kaɗa fura a kofi, in ka kara kunne za ka ji faifan yana juyawa shuuu. Sakan talatin ya isa ya tashe shi, amma tashi daban ƙoshi daban, wannan ɗan girgizar da ka yi ƙarfin minti biyar kawai ta ba shi shi yasa ya mutu kafin ka gama shayi. Ka kaɗa shi kamar minti biyu zuwa uku, sannan ka ɗaura shi ka wuni da shi, awa takwas ko goma kana harkokinka.

Mai tambaya:
Ikon Allah, na duba yanzu da fitilar waya, 7S26 ne kuwa. Na kaɗa shi yadda kace yana tafiya. Amma kwanan wata yana kan 14 ranar kuma Talata, yaya zan gyara? Kuma ni aikina na zama ne, wuni nake a gaban kwamfuta, anya zai ƙoshi?

Mai gyaran agogo:
Yauwa, nan ne nake so ka nutsu domin a nan mutane suka fi yin ɓarna. Abin gefen nan yana da mataki biyu in ka ja shi. Ja na farko na kwanan wata da rana ne, ka murɗa ta wannan gefe lamba ta canza, ta ɗaya gefen rana ta canza. Ja na biyu na saita lokaci ne. To kar ka kuskura ka canza kwanan wata in hannayen agogon suna tsakanin tara na dare da huɗu na asuba, a wannan lokacin injin ya riga ya kama faifan kwanan watan yana tura shi da kansa, in kai ma ka tura sai haƙoran su ci juna. Matsalar ita ce agogon da ya tsaya ba ka san ko huɗun da yake nunawa ta yamma ce ko ta asuba ba. Saboda haka ka fara jan sa zuwa mataki na biyu ka kai hannayen kan ƙarfe shida, shida ko ta safe ko ta yamma babu haɗari. Sai ka dawo mataki na farko ka sa kwanan watan jiya da ranar jiya. Sannan ka sake ja mataki na biyu ka yi ta tura hannayen gaba har ka ga lambar ta faɗa kan ta yau, ka san kenan ka wuce sha biyun dare, daga nan ka ƙirga zuwa lokacin da ake ciki, in da yamma ne sai ka sake wuce sha biyu sau ɗaya. In ba ka yi haka ba za ka ga kwanan wata yana canzawa da tsakar rana ana shirin Azahar.

Kuma hannun sakan ba zai tsaya ba in ka ja abin, kar ka ce ya lalace, haka aka yi shi. Idan ka gama ka tabbata ka danna shi ya koma ciki sosai saboda ƙura da ruwa.

Wata 'yar uwa:
Allah sarki, irin na babanmu sak. Abin da ke ba ni mamaki muna yara in na duba shi da tsakar dare sai in ga ranar ta koma Turanci, da safe kuma ta dawo Larabci, har na taɓa zaton aljanu ne 😂

Mai gyaran agogo:
Hajiya ba aljanu ba ne, faifan ranakun yare biyu ne a jere, kowace rana sau biyu aka rubuta ta, to yana kan hanyarsa ta tsallake ɗayan ne kika kama shi.

Wani daga Maraɗi:
Ni dai in ƙara da cewa ba duk otomatik ne haka ba, kada wani ya karanta yace nasa ma ba a wanawa. Nawa sabon Seiko 5 ne mai injin 4R36, shi ana wana shi da hannu kuma sakan yana tsayawa in ka ja. In ya mutu sai in cire shi daga hannu, in murɗa abin gefen zuwa sama yana a danne, kamar sau talatin a hankali, shi kenan ya tashi. Kuma ba ya tsinkewa don ka wuce, in ya cika sifirin zamewa yake yi a cikin gidansa, ba kamar tsofaffin agogon wanawa da hannu zalla ba da in ka ji ya yi tauri dole ka tsaya. Masu agogon ruwa irin su Rolex kuma nasu abin gefen a ɗaure yake kamar noti, sai ka kwance shi tukuna ya ɗan fito sannan ka wana, ka gama ka mayar ka ɗaure. Maganar aikin zama kuwa gaskiya ne, ni ma ranar da na wuni a shago ban fita ba wani lokacin da asuba zan tarar ya mutu, tunda naka ba a wanawa ka dinga ɗan kaɗa shi minti ɗaya kafin ka kwanta.

Mai gyaran agogo:
Haka ne. Gwajin da zan ba ka shi ne, ka wuni da shi ranar da kake da zirga-zirga, da dare ka ajiye ka rubuta lokacin. In ya kai jibi da safe ko kusa da haka yana tafiya to babu abin da ya same shi. In kuwa awa biyar ko shida yake yi ya mutu, ko ka kaɗa ba ka ji faifan yana juyawa ba, ko ka ji wani abu na ƙara kacau-kacau a ciki, to man da ke ciki ya bushe ko wani abu ya kwance, sai sabis. Agogon da ya haura shekara ashirin a ƙurar hunturun nan tamu dama ya cancanci a wanke shi. Amma ka nemi dattijon da ya san injin, ka tambaye shi ko zai warware shi ɗaya bayan ɗaya, in ka ga ya ɗauko fetur a murfin kwalba da man keken ɗinki karɓi kayanka ka tafi. Kuma ka daina ajiye shi kusa da sifika ko kan firij, maganaɗisu yana sa shi gudu, sai ka ga ya ƙara minti biyar a rana. Sakan ashirin ko talatin a rana dai wannan ba komai ba ne ga irinsa.

Mai tambaya:
Na dawo da rahoto. Ranar Juma'a na ɗaura shi tun safe, na je masallaci a ƙafa na biya kasuwa, ƙarfe goma na dare na ajiye shi, sai ranar Lahadi wajen goma sha ɗaya na safe ya tsaya, awa 37 kenan in ban yi kuskure ba. Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Saura sarƙar, ta yi min yawa sosai domin Baba ya fi ni kauri, tana ta sauka har kan tafin hannu, ana iya cire ƙwaya biyu a ajiye ko sai an yanke?