Kwano ɗaya kowa na wanke hannu a ciki, babu matsala kuwa?

Maman Nana:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah mi kuka gani game da ruwan wanke hannu da ake kawowa wajen suna ko biki, kwano ɗaya mutum goma su tsoma hannu, kafin ya iso gare ka ruwan ya yi baƙi. Gidanmu ma nan Zariya haka ake yi, kuma surukata ke fara wankewa, ban san yadda zan yi magana ba. Ga damana ta shigo yara sai zawo.

Ɗan Bagalam:
Wa alaikumus salam. Hajiya wannan ai raba datti ne, na ƙarshe shi ke kwashe na kowa ya kai baki da tuwo. Ki sa yaro ya zagaya da buta da sabuni yana zuba ma kowa, ruwan na sauka cikin roba daban. Iya ma ba sai kin ce mata komi ba, ki durƙusa ki zuba mata da kanki, za ta ɗauka ladabi ne ta sa miki albarka.

Baba Tela:
Ku yaran yanzu dai. Haka muka tashi muna yi kuma ga mu da ranmu. Sannan mai alwala sau biyar a wuni ina datti zai zauna mai?

Ramatu:
Baba Allah ya ƙara girma, amma kun tuna kwalarar 2018 ta ƙasar Nijar, da ta faro daga wajen Madarunfa a jihar Maraɗi? Ciwon daga kashi yake zuwa baki, ta ruwan sha ko ta hannu, kuma ido bai ganin ƙwayar. Alwala tsarki ce, sai dai ruwa zalla bai fidda maiƙon da ƙwayoyin ke maƙalewa ciki, sai an cuɗa da sabuni kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Abin da ya fi damuna ma mu mata, a wanke ma jinjiri kashi a ce ai na yaro ba komi, a goge hannu a zane a koma dama fura. In ba sabuni ko toka a yi da ita, ta fi babu.

Maman Nana:
Na gode. Da daren nan zan gwada dabarar butar, sai dai sabunin ne yara ke jefawa cikin ruwa ya narke, kwana biyu ya ƙare.

Ɗan Bagalam:
Huda shi ki zura igiya ki rataye kusa da salanga.