Takardar ofishin baƙi da notis ɗin mai gida sun zo mana a mako ɗaya, ina zan fara?

Baban Maryam:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai ta kawo ni.

Ni ɗan Kano ne, karatun haɗa magunguna ya kai ni Kharkiv a 2016. A can na haɗu da matata, 'yar Yukren ce. An ɗaura mana aure a masallaci, muka kuma yi rajista a ofishin gwamnati a 2020, Allah ya ba mu 'ya mace a 2021. Ranar 24 ga Fabrairu 2022 ƙarar bama-bamai ce ta tashe mu tun kafin asuba. Mun kwana shida a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga nan muka samu jirgi zuwa Lviv, muka tsallaka iyakar Folan ta Medyka, a ƙarshe muka yada zango a wani ƙaramin gari a jihar Nordrhein-Westfalen ta Jamus. Jaka ɗaya muka fito da ita, rabinta kayan jaririya ne. Takardar aurenmu ta yi zamanta a durowa a gidanmu na unguwar Saltivka, gidan da yanzu ko taga ba shi da ita.

Da muka je rajista, aka rubuta matata da 'yata tare, ni kuma aka rubuta ni da katin zamana na ɗalibi. Duk mu ukun an ba mu izinin sashe na 24, wato izinin zama na wucin gadi da dokar Jamus ta tanadar wa waɗanda suka gudo daga yaƙin, don haka ban damu ba. Sai a Maris 2025 nasu ya sabunta da kansa, nawa bai sabunta ba. Na nemi ƙari, aka ba ni takardar jira da suke kira Fiktionsbescheinigung. Ranar Litinin kuma ga wasiƙa daga ofishin baƙi, an rubuta Anhörung a samanta, wai suna da niyyar ƙin ba ni izini, in ina da magana in rubuto cikin mako biyu.

Ranar Laraba tsohuwar da ta ba mu saman gidanta tun 2022 ta kira ni kicin, idonta cike da hawaye, ta ce ɗanta zai dawo da iyalinsa, tana so mu tashi ƙarshen wata mai zuwa. Ga surukata, shekararta 67, ita kaɗai ce a Kharkiv, kullum ana kai wa tashoshin lantarki hari, hunturu kuma ya ƙarato. Matata ba ta barci. Ina aikin awa 25 a mako a wani sito, na ci jarrabawar Jamusanci ta B1, amma kuɗin lauya ba ni da shi. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini.

Maman Yusuf:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya kawo mafita. Shekara uku ina tafinta kyauta a wani ofishin ba baƙi shawara, irin wasiƙar nan ta sha wucewa ta hannuna.

Ajiye maganar gida da ta surukarka tukuna, wasiƙar nan ita ce mai wa'adi. Anhörung ba hukunci ba ne, dama ce ake ba ka ka kare kanka kafin a yanke. In ka yi shiru, da abin da ke cikin fayil ɗinka za a yanke, fayil ɗin nan kuwa bai san kana da mata ba. Ɗalibi ɗan Najeriya kawai ya sani.

Ga yadda abin yake. Ranar 4 ga Maris 2022 Tarayyar Turai ta ɗabbaƙa dokar kariyar wucin gadi, wadda aka rubuta tun 2001 ba a taɓa amfani da ita ba sai lokacin. Ta shafi 'yan Yukren, da waɗanda Yukren ta ba mafaka, da iyalansu, wato miji ko mata da ƙananan 'ya'ya, in dai iyalin suna tare a can tun kafin yaƙi. Ɗalibai masu izinin zama na ɗan lokaci ba a tilasta wa ƙasashe ɗaukarsu ba, kowace ƙasa ta yi abin da ta ga dama. Da Jamus ta zo sabuntawa a Maris 2025, sai ta cire wannan rukunin. Kai kuwa tun asali ba a rukunin nan ya kamata ka kasance ba, mijin 'yar Yukren ne kai tun 2020. Haƙƙinka da nata ɗaya ne, kuma Tarayyar Turai ta riga ta ƙara wa'adin kariyar zuwa 4 ga Maris 2027.

Saboda haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ka rubuta musu layi uku: kana auren 'yar Yukren tun kafin yaƙi, kana neman izinin sashe na 24 a matsayin mijinta, kana roƙon ƙarin lokaci ka kawo shaida. Ka haɗa da takardar haihuwar 'yarka mai ɗauke da sunanka. Ka kai da hannunka, a buga maka hatimi a kwafinka, ko ka aika ta wasiƙar rajista ka adana rasit. Kada ka dogara da waya, magana ta baki ba ta shiga fayil.

Takardar aure kuma ba ta ɓata ba, rajistar tana cikin kundin gwamnatinsu. Matarka za ta iya neman kwafi ta Diia, manhajar gwamnatin Yukren, ko ta ƙaramin ofishin jakadancinsu na Düsseldorf, ko surukarka ta karɓo muku a can tun tana ƙasar. Ku sa a buga mata hatimin apostil, mai tabbatar da ingancin takarda a ƙasar waje, sannan tafinta mai rantsuwa ya juya ta zuwa Jamusanci. Fassarar aboki ba a karɓa.

Ɗan Damagaram:

Ɗan'uwa ni ma Yukren na baro, Dnipro nake karatu. Ni a ganina ka nemi mafakar siyasa kawai, ko ka kwashe iyalinka ku koma Holan. Abokaina da yawa can suka nufa a 2022, an ba su ɗaki da izinin aiki nan take. Mutanen nan in suka fara aiko da wasiƙa ba sa dainawa.

Alhajin Hamburg:

Ɗan Damagaram, na san alheri kake nufi, amma wannan shawarar za ta iya kassara shi. Holan ɗin da kake magana ta 2022 ce. Daga baya ta janye kariyar daga ɗalibai da sauran masu izinin wucin gadi, aka yi ta shari'a har Kotun Tarayyar Turai, wadda a Disamba 2024 ta ce ƙasa tana da ikon janyewa. Shari'ar ma, don a sakaya sunayen masu ƙara, kotun ta raɗa mata suna Kaduna. Neman mafakar siyasa kuwa, tambayar da za a yi masa ita ce me yake gudu a Najeriya, ba a Kharkiv ba. Kuma muddin ana duba buƙatar, ƙofofin wasu izinin zama a rufe suke gare shi. Mutumin da yake da mabuɗi a aljihu ba ya haura katanga.

Baban Maryam, maganar kuɗin lauya. Ka je ƙaramar kotun garinku, Amtsgericht, da wasiƙar, da takardar albashinka, da ta haya, da bayanin asusun banki, ka ce kana son Beratungsschein. Takarda ce da ake ba mai ƙaramin ƙarfi. Ka kai wa lauya, abin da zai karɓa a hannunka ba ya wuce Yuro 15, gwamnati ta biya saura. Mu nan Hamburg ofishi na musamman gare mu mai wannan aikin, amma a jiharku wannan takardar ce. Ka nemi lauyan da ya ƙware a dokar baƙi, ba kowane lauya ba. In abin ya kai kotu, akwai wani tallafin na kuɗin shari'a, lauyan zai cike maka.

Kafin lauya ma akwai masu ba da shawara kyauta: Caritas, Diakonie, AWO, da Red Cross ta Jamus, duk suna da sashen ba baƙi shawara. Kada sunan coci ya hana ka zuwa, ba a tambayar addini. Na raka mutane da yawa, ban taɓa ganin an yi wa wani wa'azi ba. Jami'o'i da dama kuma suna da ɗaliban shari'a masu taimakon 'yan gudun hijira a ƙarƙashin kulawar lauyoyi.

Ɗan Damagaram:

Na gode Alhaji, ban san an kai nan ba. Na janye maganata.

Ɗan Zangon Kumasi:

Ni gida zan yi magana a kai, don sau huɗu na sauya haya a ƙasar nan. Tambaya ɗaya: kun sa hannu a yarjejeniyar haya? In Jobcenter, ofishin tallafa wa marasa aiki da masu ƙaramin albashi, ta taɓa biya muku haya, to lalle akwai. In akwai, notis na baki a kicin ba notis ba ne. Sai a rubuce, da sa hannunta. Dawowar ɗanta dalili ne da doka ta yarda da shi, amma wa'adinsa wata uku ne ga wanda bai kai shekara biyar a gida ba. In kuma gidan ɓangare biyu ne kacal, ita a ƙasa ku a sama, tana iya sallamarku ba tare da dalili ba, sai dai wa'adin ya koma wata shida. Ba wanda yake da ikon canja muku kwaɗo ko fitar muku da kaya sai da hukuncin kotu.

Neman sabon gida kuwa, ka fara da Wohnberechtigungsschein a ofishin gidaje na gari, ita ce shaidar cewa kun cancanci gidajen gwamnati masu rangwame. Ka yi rajista a kamfanin gidaje na birni da ƙungiyoyin gidaje na haɗin gwiwa, ka riƙa leƙawa da ƙafarka. Ka haɗa fayil ɗaya: takardar SCHUFA mai nuna tarihin biyan bashinka, albashin wata uku, da shaidar cewa ba a bin ku bashin haya. In har yanzu Jobcenter tana cika muku wani abu, kada ka sa hannu a kowace yarjejeniya sai sun amince a rubuce, don kowane gari da iyakar kuɗin hayar da suke biya. Kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata uku ban da wuta da ruwa, kana da damar biya kashi uku, Jobcenter ma tana ba da shi rance. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi kafin ka ga ɗaki, wai yana ƙasar waje zai aiko da makulli, ɗan damfara ne. 'Yan Yukren da yawa an cuce su ta haka a Facebook da Telegram.

Ka kuma duba katin zamanku, galibi akwai sharaɗin inda za ku zauna. Tunda aikinka ya haura awa 15 a mako, ka tambayi mai ba ka shawara ko za a iya ɗage shi, sai ku faɗaɗa nema zuwa garuruwan kusa.

Inna Hajara:

Ɗana, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma ni tsohuwar nan ce ta tsaya mini a rai. Matar da ta buɗe muku ƙofa ba ta san ku ba, ba danginku ba, ba addininku ɗaya ba, ta riƙe ku shekara uku da rabi, kuma da ta zo sallamarku sai da ta yi kuka. Kada ka shiga kicin ɗinta da sashen doka a bakinka. Ka je da matarka da Maryam, ku zauna, ka ce mata: Mama, mun gode, ɗanki ya fi mu haƙƙi a gidan nan, amma wata ɗaya ba zai ishe mu ba, ki taimaka ki rubuta mana notis ɗin yadda doka ta tsara. Ita ma rubutaccen ya fi mata, ku ma da shi za ku nuna wa ofishin gidaje cewa buƙatarku ta gaggawa ce. Sannan ka roƙe ta ta rubuta muku shaidar kyakkyawan zama, ta kuma tambaya muku a cocinsu da wajen ƙawayenta. A ƙananan garuruwan Jamus gida ba ya kaiwa intanet, a bakin tsofaffi yake ƙarewa. Nawa ma ta hannun maƙwabciya na same shi.

Maman Yusuf:

Inna ta gama magana a kan wannan. Bari in ƙara kaɗan game da surukarka. In tana da fasfo na zamani, tana iya shigowa ba biza, sannan ta nemi sashe na 24 kamar kowa. Sai dai sababbin zuwa rarraba su ake yi tsakanin jihohi, don haka tun ranar farko ku nuna takardar haihuwar matarka, a san 'yarta tana garinku. A shekarunta ba Jobcenter za ta je ba, ofishin jin daɗin jama'a ne, Sozialamt, kuma za su tambayi fanshon da take karɓa daga Yukren, ta zo da takardunsa da na asibiti. Ku sani kuma gwamnatin Friedrich Merz ta bayyana a 2025 niyyar mayar da waɗanda suka shigo bayan 1 ga Afrilu 2025 kan tallafin masu neman mafaka, wanda bai kai tallafin Jobcenter na Bürgergeld ba. Ku tambayi inda maganar ta kwana a ranar da za ta iso. In kun tabbata za ta zo, ku faɗa wa ofishin gidaje tun yanzu cewa ku huɗu ne.

Baban Maryam:

'Yan uwa Allah ya saka da alheri, Allah ya raba ku da iyayenku lafiya. Jiya na kai amsar wasiƙar da hannuna, an buga mini hatimi. Yau da safe na karɓo Beratungsschein, na samu lauya ranar Talata. Surukata ta ce za ta je karɓar kwafin takardar auren ranar Litinin in ba a yi jiniya ba.

Daren jiya mun sauka wajen tsohuwar kamar yadda Inna ta ce. Maryam ta haye cinyarta tana ce mata Oma, wato kaka, kamar kullum. Ta yarda za ta rubuta notis ɗin, ta ce za ta yi wa ɗanta magana ya jira zuwa bazara, ta kuma ɗauki waya a gabanmu ta kira wata ƙawarta mai gida kusa da tashar jirgi. Ranar Asabar za mu je gani. Ɗan Zangon Kumasi, takardar SCHUFA ɗin nan, ni kaɗai zan nema ko har da matata?

Ɗan Zangon Kumasi:

Ku biyun, tunda ku biyu za ku sa hannu. Akwai ta kyauta amma tana ɗaukar kwanaki kafin ta iso ta gidan waya, ta kuɗin kuma nan take ake sauke ta. Tunda Asabar ce, ku sayi ta kuɗin, ku buga a takarda ku tafi da ita.