Na gano ɓoyayyen aibi a gidan da na saya bayan an kammala ciniki: ina mafita?

Sabon Maigida ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin cinikin gidaje, musamman lauyoyi da masana gini. Wata biyar ke nan da na sayi gida, na biya kuɗin gaba ɗaya, aka sa hannu a takardu a gaban shaidu, aka miƙa mini makullai. Kafin ciniki na zagaya gidan sau biyu tare da dillali, kuma na lura cewa ɗakin baya kaɗai ke da sabon fenti, amma sai na ɗauki hakan a matsayin alamar cewa mai gidan mutum ne mai kula da kayansa. Da aka yi ruwan sama mai ƙarfi kwana uku a jere, sai bangon ɗakin ya jiƙe daga ƙasa, fentin ya kumbura ya ɓare, sai ga wata tsohuwar tsaga da ta taso daga gindin bango har zuwa kusurwar taga, wadda aka cike da siminti aka shafe. Maƙwabcina ya shaida mini cewa ya ga magina sun yi aiki a wannan bangon har sau biyu a zamanin tsohon mai gidan. Maginin da na kira ya ce matsalar daga harsashin ginin take, kuma gyaran zai iya cin kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da na sayi gidan.

Na kira wanda ya sayar mini, ya ce ciniki ya riga ya faɗa, ya kuma tuna mini cewa a cikin yarjejeniyar akwai inda aka rubuta na karɓi gidan a yadda na gan shi. Dillalin kuwa ya daina ɗaukar wayata. Ba na son mayar da gidan, domin iyalina sun riga sun tare. Abin da nake so shi ne ya ɗauki nauyin gyaran. Shin wancan sharaɗi ya rufe mini ƙofa ke nan? Kuma idan na fara gyara yanzu, tun da ruwa bai daina shiga ba, ba zan rushe hujjata da hannuna ba?

Tsohon Lauya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, sharaɗin da ya kafa maka hujja da shi yana da ƙarfi, amma ba shi da ƙarfin da yake zato. A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, asalin ƙa'ida ita ce mai saye ya buɗe idonsa, don haka duk aibin da yake a fili, wanda mai hankali zai gani idan ya duba da kyau, nauyinsa yana kan mai saye da zarar an kammala ciniki. Sharaɗin "a yadda na gan shi" yana ƙara wa wannan ƙa'ida ƙarfi, har ya kare mai sayarwa daga aibin da shi kansa bai san da shi ba. Inda sharaɗin yake faɗuwa shi ne wurin yaudara. Akwai bambanci babba tsakanin mutumin da ya yi shiru a kan aibi da mutumin da ya ɗauki siminti da fenti ya rufe aibin domin kada mai saye ya gani, kuma kotuna sukan ɗauki na biyun a matsayin wanda ya yi ƙarya da aikinsa ko da bakinsa bai furta kome ba.

Wasu ƙasashen sun wuce nan. A 1985 kotun ƙoli ta jihar Fulorida a Amurka, a wata shari'a kan rufin gida mai yoyo, ta yanke cewa wajibi ne mai sayar da gida ya bayyana duk aibin da ya sani, muddin aibin yana rage darajar gidan sosai kuma mai saye ba zai iya ganinsa cikin sauƙi ba. A Faransa, sashe na 1641 na kundin dokokin farar hula ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, kuma sharaɗin kuɓutar da kai ba ya amfanar wanda ya san da aibin. Na kawo waɗannan ne domin ka ga cewa dokar wurin da gidan yake ita ce za ta yi hukunci, saboda haka ganin lauya a can ba abin jinkirtawa ba ne.

Shari'arka duka tana rataye a kan abu ɗaya, wato tabbatar da cewa ya sani. Tsagar da ke bango tana nuna akwai aibi, amma ba ta nuna wanda ya rufe ta ko lokacin da aka rufe ta ba, kuma yana iya cewa shi ma haka ya tarar da ita, ko kuma ya gyara ta da kyakkyawar niyya yana zaton matsalar ta ƙare. Wannan uzuri na biyu shi ne ya fi wahalar rushewa, sai dai gyara sau biyu a wuri guda yana raunana shi, domin wanda ya gyara abu ya sake lalacewa ya san gyaran ba ya riƙewa. Ka tattara duk saƙonnin da kuka yi musaya da shi da dillali kafin ciniki, musamman idan ka taɓa tambaya game da danshi ko tsagewa aka ba ka amsa. Ka sake karanta yarjejeniyar ka ga ko ta ɗaure ku da zuwa wurin mai sulhu ko mai sasanci kafin kotu. Sannan ka daina magana da shi ta waya, ka aika masa wasiƙa ta hanyar da za ta bar shaidar isarwa, wadda ta bayyana aibin, da ranar da ka gano shi, da abin da kake nema, da wa'adin amsa. Kada ka manta cewa ƙara tana da lokacin da take mutuwa: a Faransa shekara 2 ne daga ranar gano aibin, a Ingila kuwa shekara 6 ne a kan yarjejeniya ta yau da kullum, kuma idan da gangan aka ɓoye abin, ƙidayar tana farawa ne daga lokacin da aka gano shi ko ya kamata a gano.

Injiniyan Gini ya amsa:

Ranka ya daɗe lauya ya gama da ɓangaren doka, ni zan amsa tambayar gyara. Kada ka taɓa tsagar tukuna, amma ka tsayar da ruwan. Ka kawar da duk ruwan da ke taruwa a gindin bangon daga waje, ka gyara magudana, ka ajiye rasit na duk abin da ka kashe. Barin ɓarna ta ƙaru kana kallo zai cutar da kai, domin ba za a biya ka asarar da kake da ikon hanawa ba.

Maganar magini ta baki ba za ta ishe ka ba. Ka nemi injiniya mai rajista ya rubuta rahoto mai ɗauke da sa hannunsa, ya faɗi musabbabin tsagar, ya kuma bayyana ko akwai alamun gyare-gyare da suka gabata. Tsagar da ta karkata daga ƙasa zuwa kusurwar taga sau da yawa alama ce ta cewa wani sashe na harsashin ya nutse fiye da saura. Injiniya zai iya bambance simintin asali da na ciko, ya ƙirga rufin fenti nawa ke wurin, ya kuma manna ma'auni a kan tsagar na wasu makonni domin a ga ko tana ci gaba da buɗewa. Ka ɗauki hotuna masu kwanan wata, da abin awo a jikin tsagar, ka adana ɓarɓashin da ya zubo. A cikin wasiƙarka ka gayyaci mai sayarwar ya zo da nasa masanin ya duba kafin a fara babban aiki, don kada gobe ya ce an hana shi gani.

Ɗalibin Fiƙihu ya amsa:

Allah ya saka wa waɗanda suka gabace ni da alheri. Idan ku biyun kuna da niyyar zama a gaban malami ko alƙalin shari'ar Musulunci, to mas'alar tana ƙarƙashin babin zaɓi saboda aibi. Malaman Malikiyya sun ware gida da hukunci na musamman: aibi ɗan kaɗan da ba ya taɓa farashi ba a komawa da kome a kansa, matsakaici ana mayar wa mai saye ƙimar abin da aibin ya rage, babba kuwa yana ba shi damar warware cinikin. Misalin da Mukhtasar na Khalil, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, ya bayar na aibin da ake karɓar ƙimarsa shi ne tsagewar bangon da ba a jin tsoron rushewar gida saboda ita, ka ga kamar da kai ake magana. Don haka abin da kake nema, wato ka riƙe gidan a rage maka, ba baƙon abu ba ne. Sharaɗin barranta daga aibi kuma ba ya kare wanda ya san aibin ya ɓoye. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne dogon shiru bayan ganin aibi ba tare da uzuri ba, domin ana iya ɗaukarsa a matsayin yarda, alhali ci gaba da zama a cikin gidan yayin da ake jayayya ba a lissafa shi haka.

Mai Gidan Kusurwa ta amsa:

Ni na bi wannan hanya har ƙarshenta, kuma da yau ne da ban bi ta haka ba. Nawa aibin bututun ruwa ne da aka binne a ƙarƙashin daɓe alhali an san yana yoyo. Na shigar da ƙara cikin fushi, na dogara da wani maƙwabci da ya rantse mini ya san kome, amma da ranar ba da shaida ta zo sai ya ce shi ba ya son shiga tsakanin mutane. Shari'ar ta ɗauki kusan shekara uku, daga ƙarshe sulhu aka yi a kan kuɗin da bai wuce abin da aka yi mini tayi tun a watan farko ba, bayan na biya lauya. Ba ina cewa ka bar haƙƙinka ba ne, ɗan'uwa, ina cewa ka tattara hujjarka kamar mai shirin kotu, sannan ka kai ta teburin sulhu, domin mai sayarwa da ya ga rahoton injiniya da wasiƙar lauya yakan sauya murya. Ka kuma bincika ko yana da abin biya, tun da wataƙila ya riga ya zuba kuɗin a wani gidan, kuma hukuncin da ba a iya zartarwa takarda ce kawai. Idan kun daidaita, a rubuta adadin da ranar biya, kuma ka karanta sakin layin da ke cewa ka yafe masa sauran haƙƙinka da kyau, ya tsaya a kan wannan bangon kaɗai, kada ya haɗiye duk wani aibi da zai bayyana nan gaba. Sunansa kuma kada ya fito daga bakinka a Facebook, don kada ƙararka ta koma tasa a kan ɓata suna.

Sabon Maigida ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganarki game da maƙwabci ta sa na koma wurinsa jiya, kuma kamar yadda kika yi hasashe, da ya ji kalmar kotu sai ya fara ja da baya. Sai dai ya ba ni sunan ɗaya daga cikin maginan da suka yi gyaran na biyu, kuma na same shi, ya ce ya gaya wa tsohon mai gidan tun a lokacin cewa ciko ba zai riƙe ba sai an tono harsashin, amma aka ce masa ya shafe kawai. Injiniya zai zo ranar Asabar. Tambayata ga lauya ita ce, shin in sa maginin ya rubuta bayaninsa ya sa hannu tun yanzu, ko in bari sai lauyan da zan ɗauka ya zauna da shi da kansa?