Ƙarin lam da faffaɗar taya ga Hilux mai bin hanyar Dakoro: wa ya taɓa gwadawa?

Mai Hilux na Bagalam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da Hilux Vigo ta 2010. Duk mako daga Maradi ina kai dussa da gishirin dabbobi Dakoro, wani lokaci in zarce Bermo cikin rairayi. Buhu takwas kawai sai baya ya zauna. Makanikena ya ce in ƙara lam (faifan ƙarfen sifirin na bayan mota) bibbiyu, in bar taya 205R16 in koma 265/70R16. Jika 300 na sefa gare ni, ba ƙari. Sabuwar taya ta Sin zan saya ko ta hannu?

Ɗan Tibiri: Sayar da motar ka nemi Land Cruiser mai taya 7.50R16. Ita aka yi wa daji.

Mai Hilux na Bagalam: Yaya, da ina da kuɗinta ai da ban yi tambaya ba.

Alhaji na Sabon Gari: Ɗana, saurare ni, ni na sha wannan ruwa. Shekara uku ke nan na ƙara lam uku a kowane gefe. Mota ta miƙe, kowa na yabo a tasha. Abin da ban lissafa ba, direbana ya ga baya ya daina zama, sai ya riƙa ɗora buhu goma sha biyar na gero, ga fasinja a sama. Buhu kilo 100 ne, motar kuwa tan ɗaya ma da ƙyar. Wata ranar Lahadi, kusa da Kornaka, tayar baya ta fashe. Allah ya tsare rayuka, amma yaron mota ya karye a cinya, wata biyu ina jinyarsa. Da aka ɗaga motar a gareji sai ga shasi ya tsage daidai inda lam ke kamawa. Walda biyu aka yi, ba ta ƙara tafiya daidai ba, na sayar da ita rabin kuɗi. Lam na ɓoye nauyi ne, ba ya rage shi. Har yau in na ga yaron nan yana ɗingishi raina ɓaci yake.

Hajiya mai goro: Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Tayar sabuwa ce?

Alhaji na Sabon Gari: Ta hannu ce, Hajiya, amma zanenta fes. Jika 22 na saye ta.

Makanike na Zariya: Zane ba ya faɗin shekaru. Ku duba gefen taya bayan rubutun DOT, lamba huɗu na ƙarshe: 3517 na nufin mako na 35 na shekarar 2017. Wadda ta wuce shekara shida, ga zafin Afrilu a kan kwalta, ba na sa wa mutum ita. Kai kuma mai tambaya, 265 ba ta zama daidai a kan siririn jant (ƙarfen da ake sa taya a kai) na 205, sai ka sayi jant. Sa shi cikin lissafi. Ka nemi mai rubutun LT ko C, ita ce ta kaya.

Ɗan Tibiri: Sabuwa ta Sin jika 55 na saya watan jiya.

Baban Nana: A ina? Ni 70 aka ce mini, ba ragi. Tun da hanyar Kwatano ta rufe a 2023 komai ya hau.

Na Ɗan Isa: A Katsina ta fi sauƙi in ka canza naira da kyau. Can sifirin za ka ce, in ka ce lam sai su ɗauka lemu kake nema.

Baban Nana: Hahaha! Sauƙin ya ƙare in ka biya kuɗin hanya daga Jibiya.

Direban Mayahi: Malam makanike, da girmamawa, kai a inuwa kake aiki. Mu da ke cikin rairayi mun san siririyar taya in ka rage iska zuwa kilo ɗaya da rabi tana fita. Faffaɗa mai kawai take sha.

Makanike na Zariya: In kun fito kwalta kuna mayar da iskar? Wurina kuke kawo su sun ƙone ta ciki.

Direban Mayahi: Wannan gaskiya ne. Amma maganar Alhaji ce ta tsaya mini. Kullum direba ne mai laifi. Mai mota ya yanka maka balas (kuɗin da za ka kawo masa) na mako, mai daga aljihunka, faci daga aljihunka. In ba ka ɗora ƙari ba, da me za ka koma gida?

Alhaji na Sabon Gari: Ban taɓa hana direbana haƙƙinsa ba, Allah shaida.

Direban Mayahi: Ban ce kai ba, Baba. Ni wanda na yi wa aiki shekara huɗu, ranar da amotisa (mai rage jijjigar mota) ya mutu cikin albashina ya cire.

Hajiya mai goro: Mu masu kaya fa? A karɓi kuɗin buhu goma, a cusa na wani a kan naka, goro ya iso a dame.

Mai Hilux na Bagalam: Ni nake tuƙa tawa, ba ni da direba. Malam makanike, in na bar 205 ɗin na ƙara lam ɗaya tak, nawa zai ci?