Baƙin farcen ƙafa: abin da kowa ya gani a jikinsa

Ɗan kabu-kabu daga Unguwar Zariya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da babur ya faɗo mini a babban yatsa, farcen ya yi baƙi ƙirin, kuma ko da yake zogin ya daina cikin mako guda, baƙin yana nan daram. Ina roƙon waɗanda abin ya taɓa samu su gaya mini yadda suka ƙare da shi.

Tsohon ɗan ƙwallo: Ƙanena, jini ne ya kwanta a ƙarƙashin farcen. Ni takalmin wasa ne da ya matse ni ya jawo mini. Farcen ƙafa ba ya wuce tsawon milimita 2 a wata, shi ya sa nawa ya kusa shekara kafin baƙin ya iso baki na yanke shi. Ka duba gindin farcen, idan sabo mai haske yana turo baƙin gaba, to ka kwantar da hankalinka.

Mai noman rani a Jiratawa: Nawa dabam ne. Yini nake cikin ruwa, sai cin ruwa ya kama tsakanin yatsuna, daga nan farcen ya koma ruwan ɗorawa, ya yi kauri, yana marmashewa. Na daɗe ina rufe shi da lalle saboda kunya, abin da nake nadama a kansa har yau, domin ya bazu zuwa yatsu uku. A asibiti sai da aka auna hantata kafin a ba ni maganin sha mai suna terbinafine na wata 3.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, sannu da fama. Abin da ya fi damuna a wurin aiki shi ne baƙin da ba ya motsi. Layi mai duhu a tsawon farce ya yawaita ga baƙar fata, galibi ba cuta ba ne, amma idan yana faɗaɗa, ko launin ya haura fatar gefe, ko babu bugun da aka tuna, a je likita ya gani. Kansar fatar da ta kashe mawaƙi Bob Marley a 1981 daga ƙarƙashin farcen ƙafarsa aka gano ta a 1977. Mai ciwon suga kuwa, idan yatsan ma, ba farcen kaɗai ba, ya fara duhu, kada ya kwana a gida.

Ɗan kabu-kabu: Yaya, na duba yanzu, akwai sabon farce siriri a gindin. Zan ɗauki hotonsa da waya, in sake gwadawa bayan wata guda.