Kujerar da na matsar a titi ta jawo min rigima

Sabon zuwa, Boston: Salamu alaikum 'yan uwa. Hunturuna na farko ke nan a Amurka. Shekaranjiya dusar ƙanƙara ta wuni tana zuba, na dawo aiki da dare na tarar da layinmu duk tsibi-tsibi. Can na hango wuri ɗaya an share shi tas, da wata tsohuwar kujera a tsakiya. Na zaci shara ce, na matsar da ita na yi fakin. Da safe na tarar an binne motata har gilashi, ga takarda a ƙarƙashin waifa, abin da aka rubuta ba ya maimaituwa. Titi dai ba gadon gidan kowa ba ne. Ina laifina?

Tsohon direban tasi: Ƙanena, gode wa Allah da ba a sace maka iskar taya ba. Mutum ya shafe awa biyu da shebur har bayansa ya riƙe, kai ka zo ka shige, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A Boston hukuma ma ta san da kujerar nan: kana da awa 48 bayan an janye dokar ta-ɓacin ƙanƙara, daga nan masu kwasar shara su tafi da ita. A unguwar South End kuwa an hana sam. Da ka ga hunturun 2015, da aka samu ƙanƙara inci 110 da ɗoriya, har teburin guga da fankar da ta mutu na gani a titi, wasu sun yi makonni.

Maman 'yan biyu, Chicago: Nan "dibs" suke ce wa kama wuri da kujera, kuma ni ban yarda da shi ba. Mai gidana aikin dare yake. Ya haƙe wurinsa ya fita, da asuba ya dawo layi cike da kujeru da bokitai, masu su ba za su dawo ba sai yamma. Ina zai kai motar? Babban titi kuma daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu an hana fakin tsakanin ƙarfe 3 da 7 na safe, ko ƙwayar ƙanƙara ba ta sauka ba. Sau ɗaya janwe ya ɗauke mana, kuɗin cefanen mako biyu suka tafi. Shi ma ai gumi ya yi.

Tsohon direban tasi: Hajiya, da ya bar bokiti kafin ya fita ai da ba a yi haka ba.

Maman 'yan biyu: Baba, bokitin ma sacewa aka yi.

Ɗalibi a Montreal: Mu ba a yin wannan faɗan, domin kwashe ƙanƙarar ake yi a manyan motoci a fitar da ita. Za a kafa alluna masu ruwan lemo da lokacin aiki a jiki, sai janwe ya biyo layi yana jiniya. Ranar farko na fito da gudu da silifas, na zaci gobara ce. Wanda bai tashi ba a ja motarsa zuwa wani layin, ya biya tara, ya kuma sha yawon nema.

Yaya Babba, Buffalo: Ku bar batun kujera tukuna. Kafin ku tayar da mota ku fara haƙe bayan salansa. In ta toshe hayaƙin ciki yake komawa, ba wari ba launi, kuma yana kisa. Kada a zaunar da yara a ciki wai su ji ɗumi ana haƙa. Guguwar Disamban 2022 ta ci rayuka da dama a nan, wasu a cikin motocinsu aka same su.

Sabon zuwa: Na gano mai kujerar. Wata dattijuwa ce a gida na uku, jikanta ne ya haƙa mata, shi ne kuma ya binne ni. Na je na ba da haƙuri, na share mata matakala. Ta ce tana da kujera ta biyu a ƙasan bene in ina so. Na karɓa, Hajiya ki yi haƙuri.